Daga Bagade Zuwa Kwanon Baiko: Ina Hadayar Dabbobi Ta Koma a Sujadar Kirista?



A tsakiyar shekara ta 70 miladiyya, rundunar Rumawa ƙarƙashin Titus ta yi wa Urushalima, wato Birnin Ƙudus, ƙawanya, yunwa kuma ta ci ƙarfin mutanen da ke ciki. Marubucin tarihin nan Bayahude, Josefus, wanda yake sansanin Rumawan yana ganin abin da ke faruwa, ya ruwaito cewa a ranar da ta yi daidai da 17 ga watan Tammuz na Yahudawa aka kasa miƙa hadayar kullum a Haikali. Ɗan rago ɗaya da safe, ɗaya da yamma, abin da aka gada kaka da kakanni, ya tsaya. Ya ce hankalin jama'a ya tashi ƙwarai. Bayan kamar mako uku aka cinna wa Haikalin wuta. Har yau Yahudawa masu riƙo da addini suna azumi a wannan rana.

Kiristoci sun gaji littattafan da suka tsara wannan hadaya, suna kuma karanta su a coci a matsayin maganar Allah. Amma idan ka shiga sujadar Lahadi a Landan ko Legas ko Jos ba za ka ga wuƙa ba, ba za ka ga jini ba. To, ina hadayar ta tafi? Amsar da tarihi ya bayar ita ce yankan ne ya tsaya, amma abubuwan da yankan yake nema a wurin mai ibada sun bi Kiristoci har cikin coci. Zan kawo abin da Kiristoci suka gaskata yadda su suke faɗinsa, domin wanda zai rubuta labarin mutane dole ya fara sanin yadda su suke kallon kansu.

Mu fara da tsarin kansa. Surori bakwai na farko na Littafin Firistoci, littafi na uku cikin littattafan Musa, sun kasa hadaya kashi biyar. Akwai hadayar ƙonawa, wadda ake ƙone dabbar ƙurmus a kan bagade, wato wurin da aka keɓe don miƙa hadaya, sai fatar kaɗai ta zama rabon firist. Akwai hadayar gari, wato lallausan gari da mai da lubban, a sa gishiri, ba a yarda a ƙone yisti ko zuma ba. Akwai hadayar salama, wadda ake ƙone kitsen, a ba firistoci ƙirji da cinyar dama, sauran naman mai hadaya ya ci da mutanensa. Sai hadaya don zunubi, sai kuma hadaya don laifi.

Wanda ya karanta waɗannan surori a tsanake zai lura da abubuwa huɗu. Na farko, abin yana da tsada, kuma daga garken mutum yake fitowa. Dabba mai aibu ba ta karɓuwa. Mai hadaya zai ɗora hannunsa a kan dabbar, shi ne zai yanka, sannan firist ya karɓi jinin. Sura ta 17 ta bayyana cewa ran halitta yana cikin jininta, shi ya sa aka hana cin jini, aka keɓe shi don kafara.

Na biyu, daidai ruwa daidai tsaki. A hadaya don zunubi, babban firist bijimi zai kawo, shugaba bunsuru, talaka akuya ko tunkiya. Wanda bai da halin tunkiya ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa ya kawo ɗan gari. Gafarar da aka yi wa mai bijimi alkawarinta ita aka yi wa mai gari.

Na uku, hadaya ba ta goge haƙƙin mutane. Wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi rantsuwar ƙarya a kai, sai ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, kana ya kawo ragonsa.

Na huɗu, ana ci tare. Naman hadayar godiya ba ya kwana, ranar da aka yanka ake cinye shi. Mutum ɗaya ba ya iya cinye sa ko rago a wuni guda, don haka dole ya kira dangi da maƙwabta. Sama da waɗannan duka akwai Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, wadda babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki da jinin bunsuru ɗaya, ya furta laifofin jama'a a kan na biyu, a kora shi jeji.

Tun Haikali yana tsaye aka fara tambayar ko yanka kaɗai ya isa. Sama'ila ya gaya wa Sarki Saul cewa biyayya ta fi hadaya. A ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu, annabawa Amos da Yusha'u da Ishaya da Mika suka yi kaca-kaca da masu cika bagade da kitse alhali suna danne marayu da gwauraye, suna tauye mudu a kasuwa. Zabura ta 51 ta ce karyayyar zuciya ce hadayar da Allah ba ya rainawa. Malakai kuwa ya zargi masu kawo makauniyar dabba da gurguwa, ya ce su gwada kai wa gwamnansu irin wannan kyauta su ga ko zai karɓa. Akwai kuma labarin Dawuda a ƙarshen littafin Sama'ila na biyu, da mai masussuka ya so ya ba shi fili da shanu kyauta, ya ƙi, ya ce ba zai miƙa wa Allah abin da bai biya komai a kansa ba. Waɗannan nassoshi su ne jarin da Yahudawa da Kiristoci suka juya bayan da bagade ya rushe.

Rushewar ta 70 ba ita ce ta farko ba. Nebukadnezzar na Babila ya ƙone Haikalin farko wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, aka sake gina shi wajen 516, Hirudus kuma ya faɗaɗa shi ya ƙawata shi. Amma bayan 70 ba a sake ginawa ba. Malaman Yahudawa da suka taru a garin Yabne tare da Yohanan ɗan Zakkai suka ɗora rayuwar addini a kan addu'a da karatun Attaura da aikin jinƙai. Littattafansu sun ce addu'ar safe da ta la'asar sun tsaya a gurbin 'yan ragunan nan biyu na kullum.

Hanyar Kiristoci dabam ce, kuma ta fara tun kafin wutar. Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne, ba su kuma ƙaurace wa Haikali nan take ba. Linjilar Luka ta ce lokacin da aka kai Yesu Haikali yana jariri, tsuntsaye biyu Maryamu da Yusufu suka miƙa, wato hadayar marasa hali. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Bitrus da Yohanna suna hawa Haikali da ƙarfe uku na yamma, lokacin hadayar maraice, ya kuma nuna Bulus yana shiga don cika ka'idar tsarkakewa. Sai dai a tsakaninsu wata fahimta ta riga ta kafu, cewa mutuwar Yesu ita ce hadayar da duk sauran suke nuni gare ta. Linjilar Yohanna ta kira shi Ɗan Rago na Allah. Bulus ya kwatanta shi da ragon Idin Ƙetarewa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, wadda ba ta ɗauke da sunan marubucinta, ita ta fi zurfafa batun. Hujjarta ita ce maimaita yankan kowace shekara shi kansa shaida ne cewa jinin bijimai da awaki bai gama aikin ba, Almasihu kuwa ya miƙa kansa sau ɗaya tak, a matsayin babban firist da kuma abin hadaya.

Da maganar ta tsaya nan, da sai a ce Kiristoci sun rufe babin hadaya. Amma marubutan nan da suka ce an gama zubar da jini, su ne suka ci gaba da amfani da kalmar a kan rayuwar yau da kullum. A sura ta 12 ta wasiƙarsa ga Romawa, Bulus ya roƙi masu bi su miƙa jikunansu hadaya mai rai, kamar yadda hadayar ƙonawa take tafiya ɗungum ba a rage komai. Ƙarshen Ibraniyawa ya kira yabon baki hadaya, ya kira kyautatawa da rabawa da mabukata hadaya. Da mutanen Filibi suka aika wa Bulus gudummawa yana kurkuku, ya kira ta hadaya mai ƙanshi. A Linjilar Matiyu kuma Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa bagade, ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Wannan ita ce dokar hadaya don laifi, an maimaita ta ga sababbin masu sauraro.

Rubuce-rubucen farko bayan zamanin manzanni sun nuna yadda abin ya shiga tsarin sujada. Wani ɗan littafi da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, ya umarci masu bi su taru ranar Ubangiji su gutsuttsura gurasa, bayan sun furta laifofinsu domin hadayarsu ta zama mai tsabta, ya kuma hana wanda yake rigima da ɗan'uwansa shiga taron sai sun sulhunta. Wajen shekara ta 155, Jastin, wanda daga baya aka kashe saboda imaninsa, ya bayyana wa sarkin Rum yadda taron Lahadi yake: karatu, wa'azi, addu'a, gurasa da ruwan inabi, sannan masu hali su bayar da abin da suka ga dama, a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi.

A daular da kowane gari yake da gumakansa da mayankarsa, mutanen da ba sa yanka abin tuhuma ne, har ana kiran su marasa addini. Wajen 112, Filini, gwamnan Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa yaɗuwar Kiristoci ta sa gidajen gumaka sun kusa zama kufai, naman hadaya ya rasa masu saye, sai da ya matsa musu kasuwar ta farfaɗo. A 250 Sarki Desiyus ya umarci mutanen daular su miƙa hadaya ga alloli su karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da arba'in a Masar. Waɗansu Kiristoci sun miƙa wuya, waɗansu sun sayi takardar da kuɗi, waɗansu sun gwammace mutuwa, ikilisiya kuma ta ɗauki mutuwar tasu a matsayin hadaya.

Ƙarni ɗaya bayan haka reshe ya juye da mujiya. Sarki Juliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363, ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin dawo da yanka, har mutane suna zolayar cewa idan ya dawo daga yaƙin Farisa shanu za su ƙare. Shi da kansa ya rubuta cewa ya je bikin wani gunki kusa da Antakiya yana sa ran ganin garke, sai ya tarar da firist guda da dinya ɗaya da ya kawo daga gidansa. Ya kuma ba da izinin sake gina Haikalin Urushalima, amma aikin ya tsaya, shi kuma ya mutu a yaƙin. A 391 da 392 Sarki Tiyodosiyus ya haramta hadayar dabbobi a daular. Ba da jimawa ba Agustin, bishof na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya taƙaita fahimtar ikilisiya a kashi na goma na littafinsa Birnin Allah. A ganinsa hadayar da ido yake gani alama ce ta wadda ba a gani, kuma duk aikin da aka yi don kusantar Allah, har da jinƙai ga mutum, hadaya ce ta gaskiya.

Babbar rigimar da ta biyo baya a kan tebur ɗin Jibin Ubangiji ta tashi. A Turai ta tsakiyar zamani an saba mutum ya ba da kuɗi a yi masa Mas don mamacinsa ko don wata bukata. A 1520 Martin Luta, malamin addini a Jamus, ya rubuta cewa ɗaukar Mas a matsayin hadayar da mutum yake miƙa wa Allah juya al'amari ne, domin Jibin kyauta ce da Allah yake bayarwa, mutum karɓa kawai yake yi. Cocin Katolika ta ba da amsa a taron Tarent, a arewacin Italiya, a 1562. Ta ce Mas hadaya ce ta haƙiƙa, amma ba wata sabuwa ba, ita ce dai ta kan gicciye ake gabatarwa ba tare da zubar da jini ba. Har yau wannan bambanci yana nan. Shi ya sa Katolika da Otodoks suke cewa bagade da firist, yawancin Furotesta kuma suke cewa tebur da fasto. Inda suka haɗu shi ne babu ɓangaren da yake ganin jinin dabba zai ƙara wani abu a kan abin da suka gaskata Almasihu ya yi.

Yankan bai ɓace daga duniya gaba ɗaya ba. Samariyawa, waɗanda yawansu bai kai dubu ba, suna yanka ragunan Idin Ƙetarewa a Dutsen Gerizim kusa da Nablus har gobe. Kiristocin Armeniya suna da al'adar da suke kira matag, inda ake sa wa gishiri albarka, a yanka rago ko zakara, a dafa a raba wa mabukata. Cocinsu tana koyar da cewa wannan godiya ce da sadaka, ba kafarar zunubi ba.

A nan ne batun ya iso ƙofar gidanmu. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, Dokta Walta Mila na mishan ɗin CMS, wanda ya daɗe a Zariya, yana cikin manyan masu fassarar. Yau coci-coci irin su ECWA da COCIN da EYN suna sujada da Hausa, suna kuma da kalmominsu: hadaya, bagade, baiko, Jibin Ubangiji, sujada. Bayan kaka ana yin bikin godiya, manomi ya kawo damin dawa ko buhun masara ko doya, mai kiwo ya jawo akuya ko ya riƙo zakara, 'yan Zumuntar Mata suna waƙa. Ba a yanka dabbar don kafara. Sayar da ita ake yi ko a ba da ita, abin da aka samu ya shiga hidimar coci da taimakon mabukata. Marubucin da ya sa Kirista a labarinsa ya kula da wannan. Baiko ba layya ba ne, hadaya a bakin fasto kuma tana iya nufin mutuwar Almasihu, ko waƙar yabo, ko ranar aiki da mutum ya sadaukar don jinyar maƙwabci.

Akwai kuma muhawarar da Kiristoci suke yi a tsakaninsu yanzu, wadda wannan tarihi yake da abin cewa a kanta. Tun wajen 1970, da mai wa'azin nan na Amurka Oral Robats ya yaɗa koyarwar shuka iri, ake samun masu wa'azin da suke cewa ka ba da kuɗi mai zafi a matsayin hadaya, Allah zai ninka maka. Kiristoci da yawa sun soki wannan, ciki har da sanarwar da ta fito daga babban taron masu bishara na Lozan da aka yi a Kef Tawun a 2010. Masu goyon bayan koyarwar suna kafa hujja da Dawuda, cewa hadaya sai da tsada. Wannan gaskiya ne, amma kashi ɗaya ne cikin huɗu. Dokar da ta nemi dabba marar aibu ita ce ta rage wa talaka har zuwa ɗan gari. Ita ce ta ce a biya wanda aka zalunta kafin a kawo rago. Ita ce ta sa naman godiya ya shiga cikin jama'a. A Linjilar Markus, gwauruwar da ta jefa 'yan tagulla biyu a akwatin Haikali ita Yesu ya yaba, bai kuma yi mata alkawarin riba ba.

Saboda haka Kiristan da yake son ya yi aiki da Littafin Firistoci a sujadarsa ta yau ba ya bukatar garke. Tambayoyin da bagade yake yi wa Ba'isra'ile su ne kwanon baiko yake yi masa. Abin da ka kawo, ka ji fitarsa a jikinka, ko ragowar da ba ka so ce? Da halalinka ka kawo shi, ko akwai leburan da ka riƙe wa lada? An matsa wa marar hali ya kawo abin da ya fi ƙarfinsa? Bayan an tashi, wa zai ci daga ciki? Mai kuɗin da ya cika kwano alhali bashin ma'aikatansa yana wuyansa, Amos ya riga ya yi magana a kansa shekaru fiye da 2,700 da suka wuce. Shugaban da ya karɓi kuɗin maganin gwauruwa da sunan iri kuma zai sha wuya kafin ya samu madogara a littafin da ya yarda talaka ya kawo gari a maimakon rago.

Hayaƙin bagaden Urushalima ya daina tashi shekaru kusan dubu biyu ke nan. A birnin Rum har yanzu akwai ƙofar tunawa da nasarar Titus, an sassaƙa sojoji ɗauke da alkukin Haikali mai rassa bakwai. Abin da sojojin suka iya ɗauka sun ɗauka. Tambayoyi huɗun nan kuwa suna nan a kowace Lahadi, a babban cocin birni da kuma ɗan cocin ƙauye mai rufin kwano.